Yadda Ake Mayar Da Gajeren Labari Ya Zama Cikakken Nobel

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta, barkanmu da war haka. Tun ranar da na faɗa cewa nobel ɗin da na rubuta asalinsa ɗan gajeren labari ne da bai ma cika kalma 1,500 ba saƙo bai daina shigowa ba, wannan ta ce Anti ya kika yi kika ja shi, waccan ta ce ita ma tana da wanda ta rubuta saboda gasar Hikayata ta BBC Hausa bai kai labari ba amma ta kasa cire shi a ranta, har da maza biyu uku. Amsa ɗaya bayan ɗaya ba za ta wadatar ba shi ya sa na ce bari na zauna na rubuta yadda na bi daki-daki. Zan riƙa cewa "ki" don mata sun fi yawa a masu tambayar, maza ku yi haƙuri da ku ake.

Kafin komai dan Allah mu ajiye kalmar nan ta "ja". Miya in ta yi kaɗan aka tsuga mata ruwa ta ƙaru a tukunya kam, amma duk wanda ya kai loma ɗaya ya san abin da aka yi. Nobel ɗinki yana nan cikin gajeren labarin tun farko, ya ɓuya ne a wuraren da kika tsallake saboda ba ki da fili, aikinki ki koma ki buɗe su. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan suke tafiya.

Kayan aiki ba su da yawa. Littafin rubutu mai kauri guda ɗaya wanda ba za ki haɗa shi da lissafin cefane ko na adashe ba, biro shuɗi da ja, waya ko kwamfuta mai WPS ko Google Docs ko Microsoft Word saboda suna ƙirga miki kalmomi, sai ki sa harshen Hausa a Gboard, wato allon rubutun waya, don ki samu ƙ da ɗ da ɓ ba sai an zo gyara a sha wahala ba. Fawa bank ma kayan aiki ne a garin nan, kowa ya san halin wuta.

1. Ki bar shi ya huce, sannan ki auna ko zai ɗauka

In yau kika gama gajeren labarin kar ki taɓa shi, ki ba shi kamar wata guda. Bayan nan ki je shagon masu firintin a fitar miki da shi a takarda, feji huɗu ko biyar ne ba wani kuɗi ba, ki zauna ki karanta kamar ba ke kika rubuta ba. Sai ki tambayi kanki, bayan layin ƙarshe akwai abin da nake son sani game da mutanen nan? Akwai wani a ciki da ya shigo da layi biyu ya fita amma har yanzu ina tunaninsa? Matsalar da ke ciki ta kwana ɗaya ce ko irin wadda take cin shekaru?

Gargaɗi tun a nan: ba kowane gajeren labari ne yake son zama nobel ba. Wanda duk ƙarfinsa yana kan mamakin layin ƙarshe ne, irin a ce ashe mafarki take ko ashe matar da take taimako uwarta ce, in kika shimfiɗa shi feji 200 mai karatu zai gano tun babi na uku ya ajiye. Irin wannan ki bar shi a yadda Allah ya yi shi, ki haɗa shi da 'yan uwansa ki fitar da tarin gajerun labarai, shi ma littafi ne. Kuma in kin taɓa shigar da labarin wata gasa ko an buga shi cikin wani kundi, ki koma ki karanta sharuɗɗan da kika amince da su kan haƙƙin mallaka kafin ki zuba wata shida a kai.

2. Jan biro, farautar wuraren da kika tsallake

Nan ne zuciyar aikin, in kika yi wannan da kyau sauran duk bin sawu ne. Ki ɗauki jan biro ki ja layi ƙarƙashin duk jimlar da ta haɗiye lokaci ko ta haɗiye wani babban al'amari. Kin san su ai, "bayan shekara biyar", "haka rayuwa ta ci gaba", "sun sha wahala sosai", "tun daga ranar ba su ƙara shiri ba", "da ƙyar aka shawo kansa". A gajeren labari waɗannan jimlolin dole ne, gasa ta ce kar ki wuce 1,500 ya za ki yi. Amma kowace ɗaya ƙofa ce a rufe, bayanta akwai ɗaki.

Bari na nuna da nawa. Labarin wata yarinya ce a unguwar Kakuri da ke Kaduna, ranar da za a kai ta ɗakin miji ta gano Babanta, tsohon ma'aikacin masaƙa, ya sayar da keken ɗinkinsa, wanda shi kaɗai ya rage yana ci da gidan, don ya cika mata kayan ɗaki. Shi ke nan labarin. A sakin layi na biyu na rubuta "tun da masaƙa ta tsaya rayuwa ta juya musu baya", kalma goma cif, na wuce abina. Da na zo da jan biro na tsaya a kan jimlar nan na fara tambayarta. Ranar da ta tsaya ɗin wace rana ce, Baba ya dawo gida da rana tsaka ko ya ƙi dawowa sai dare don kar a gan shi? Me ya ce wa Umma, ko bai ce komai ba ta gane daga yadda ya jingine kekensa na hawa? Wa aka fara cirewa daga makarantar kuɗi cikin yaran, kuma wa ya yanke hukuncin? Me aka fara sayarwa, rediyo ko kwallayen Umma? Mai shagon da suke karɓar bashi yaushe fuskarsa ta canza? Wallahi jimlar nan guda ɗaya babi bakwai ta haifa, kuma su ne inda masu karatu suka fi min magana a kai, ba bikin ba.

Yadda za ki yi a aikace, kowace jimla da kika ja wa layi ki ba ta feji guda a littafin rubutunki, ki rubuta ta a sama, a ƙasa ki jero tambayoyi aƙalla goma, wa, yaushe, a ina, wa ya gani, wa aka ɓoye wa, me ya biyo baya washegari. Kar ki amsa a ranar. Ki riƙa yawo da tambayoyin, a Keke Napep, a layin asibiti, wajen wanke-wanke, amsar tana zuwa da kanta sai ki yi maza ki rubuta. Ni na samu jimla 12 a nawa, biyar babu komai a bayansu na bar su, bakwai suka riƙe littafin.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne mutum ya bar waɗannan ƙofofin a rufe ya tafi ƙarshen labarin ya ɗora sabon abu, wai bayan biki sai miji ya ƙaro kishiya, sai aka sace yaro, sai hatsari a hanyar Zariya. Wannan ba faɗaɗawa ba ne, labari na biyu ne aka ɗinka a jikin na farko kuma ɗinkin yana nunawa.

3. Kowa ki ba shi abin da yake so

Gajeren labari mutum ɗaya yake bi, sauran duk 'yan rakiya ne. Nobel ba ya tafiya da 'yan rakiya. Ki ware feji ga kowane tauraro, ki rubuta sunansa, shekarar haihuwarsa, unguwarsu, sana'arsa, yadda yake magana, sannan abu biyu da suka fi komai, me yake so ya samu, me yake ɓoyewa. A nawa akwai Goggo, ƙanwar Baba, a gajeren labarin aikinta kawai ta rangaɗa guɗa. Da na tambayi me take so sai na gano ita ce ta matsa a yi kayan ɗaki na kece raini saboda gorin da dangin mijinta suka yi mata shekara talatin baya kan nata ɗakin, kin ga yanzu ba muguwa ba ce, mace ce mai tabo, kuma ita ce ta tura ɗan uwanta ga sayar da keken ba tare da ta sani ba. Daga nan rikici ya samu ƙafa.

Hattara da yawa. Manyan taurari huɗu zuwa shida sun isa littafin farko, ƙananan labarai da ke tafiya a gefen babban kuma biyu sun isa, kuma dole kowanne ya dawo ya taɓa babban jigon, in za ki iya zare shi littafin bai ji a jikinsa ba toh ki zare. Sannan kar ki sa sunaye masu kama da juna, mutum uku duk da harafi ɗaya suka fara, mai karatu a waya yake ba zai koma baya neman wace ce wace ba.

4. Jadawalin shekaru da ɗan bincike

Da zarar labari ya tashi daga kwana ɗaya ya koma shekara goma sha, lissafi ya shigo. Ki ja layi a tsakiyar littafin rubutunki ki jera shekarun, gefe ɗaya abin da ya faru a gidan, ɗaya gefen abin da ke faruwa a gari. Ni da na zauna sai na ga masaƙar KTL, wato Kaduna Textiles Limited, da aka buɗe a 1957 ta tsaya ne a 2002, toh in yarinyar tana da shekara tara a lokacin, aurenta zai faɗo wajajen 2013, kenan ba zan sa dangin ango su zo ta jirgin ƙasan Rigasa daga Abuja ba tunda sai 2016 ya fara jigila. Haka na cire inda Baba ya miƙa wa mai shago 'yar dubu ɗaya a shekarar da aiki ya tsaya, don takardar naira 1,000 sai 2005 ta fito, 'yar 500 ce sabuwa a lokacin. Wayar hannu ma 2001 ta shigo, kuma ba gidan ma'aikacin masaƙa ta fara sauka ba. Ƙananan abubuwa ne amma dattijo ɗaya ya kama ki a kan ɗaya ya daina yarda da sauran.

Binciken ba sai kin je nesa ba. Ki taka ki je unguwar da kike rubutu a kai. Na yi yini biyu a Kakuri, na zauna da wani dattijo da ya yi aikin masaƙa, shi ya faɗa min yadda titi yake cika da kekuna lokacin canjin aiki har mai mota sai ya tsaya, da yadda auduga take maƙale musu a gashi da hanci, wannan ba zan taɓa ƙirƙiro shi daga ɗaki ba. Na shiga Kasuwar Barci na zauna wajen teloli na ji ƙarar keke da irin hirarsu. In abin na tarihi ne sosai Arewa House, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna, na nan. Ki je da ɗan abin hasafi, ki nemi izini kafin ki naɗi muryar mutum, kuma kar ki ɗauki sirrin gidan wani ki zuba yadda za a gane shi.

5. Ki zana babi-babi kafin ki fara

Yanzu lissafi. Nobel matsakaici ki sa ido kan kalma 50,000, ƙasa da 40,000 ya fi kusa da ƙaramin littafi. In kin raba 50,000 gida 25, kowane babi kalma 2,000 kenan, kin ga kowane babi ya ɗan fi gajeren labarinki na asali tsawo, kin riga kin san kina iya rubuta wannan. Ki yanka takardu ƙanana guda 25 ko 30, kowace ki rubuta layi uku, wa ke cikin babin, me ya faru, me ya canza daga farkonsa zuwa ƙarshensa. Ki baza su a kan tabarma ki yi ta matsar da su har tsarin ya zauna. Takardar da kika kasa cike layi na uku, wato ba abin da ya canza, ba babi ba ce, ki haɗe ta da wata ko ki yar.

A nan ne kuma za ki yanke inda tsohon labarin zai zauna. Zai iya zama ƙarshen littafin ki gina duk abin da ya kawo shi, zai iya zama farko ki bi abin da ya haifar, zai iya zama tsakiya. Nawa ya koma babi na 21. Ki yanke ma wa ke ba da labarin, "na" ko "ta", don in da bakin tauraruwa kika rubuta gajeren toh ki sani ba za ta iya faɗa mana abin da aka yi a ɗakin da ba ta ciki ba, ni dole ta sa na koma "ta" saboda ina son shiga zuciyar Baba. Ki yanke yanzu, canza wannan bayan babi 15 aiki ne mai sa kuka.

6. Ki rufe tsohon, ki fara daga farar takarda

Wannan mutane ba sa son ji. Kar ki buɗe tsohon fayil ki riƙa cusa sababbin sakin layi a tsakanin tsofaffi. Jimlolin gajeren labari a matse suke, gudu suke, na nobel tafiya suke suna waige, in kika gauraya su sai ya zama kamar an yi wa tsohuwar atamfa faci da sabuwa. Ki buɗe sabon fayil ki sa babi na ɗaya. In kin iso wurin da tsohon yake ki sake rubuta shi da ka, layin da ya isa a tuna da shi zai dawo da kansa.

Kalma 500 a rana ta isa, cikin kwana 100 kin kai 50,000, wata uku da 'yan kwanaki, ki ƙara wata guda saboda rashin lafiyar yara da biki da baƙi. Ki zaɓi lokaci ɗaya, ni bayan asuba ne kafin gida ya tashi. Kar ki tsaya gyara kina cikin rubutu, in kin manta sunan wani ko kina shakkar wata shekara ki sa alamar tambaya uku ki wuce.

Gargaɗi da babbar murya: ki adana a wuri biyu. Duk daren Juma'a ki tura wa kanki fayil ɗin ta imel ko ki bar shi a Google Docs. Wayata ta faɗa bokitin wanki ina babi na tara, babi huɗu ba su da kwafi ko'ina, na sake rubuta su amma har yau akwai wata hira tsakanin Umma da Goggo da na san ta farkon ta fi.

Gargaɗi na biyu, ki daure kar ki fara sakin feji-feji a gurup ɗin WhatsApp ko Wattpad kina cikin rubutun farko. Na san daɗin a ce Anti muna jira, amma da kin saki babi ya zama dutse ba ki isa ki koma ki gyara ba, sannan masu karatu za su karɓe linzamin, a kashe wance, a haɗa wane da wance, ki wayi gari kina rubuta littafinsu ba naki ba. Ki gama tukuna.

7. Tsakiyar littafi, inda ake zuba ruwa

Wajen babi na goma zuwa sha biyar za ki ji kamar mota ta shiga yashi. Kowa yana jin haka. A nan ne hannu yake kaiwa ga abubuwan da muka saba, gaisuwa feji guda, ina kwana lafiya lau ya gida ya yara ya gajiya, ko a bi tauraruwa kicin tun daga yanka albasa har sauke tukunya, ko kwalliya daga wanka zuwa turare da sunan kowane leshi, ko a kwatanta falo da motocin gidan. Ba haramun ba ne a shiga kicin, a nawa akwai babi guda da kusan duk a bakin murhu yake, amma ranar ce Umma take auna garin da ya rage tana lissafin kwana nawa zai kai tana kuma yi wa yara dariya don kar su gane. Girkin yana ɗauke da wani abu. In kin rubuta fage ki tambaye shi, me ka kawo? In bai kawo sabon sani ko sabuwar matsala ko ya canza tsakanin mutum biyu ba, ruwa ne.

In kin maƙale kar ki jawo hatsarin mota ko ciwon mantuwa ko aljani daga sama. Ki koma fejin taurarinki ki duba layin "me yake ɓoyewa", ki sa wanda bai kamata ya sani ba ya sani. Ko ki ba tauraruwa zaɓi biyu da kowanne akwai asara. Ki kuma riƙa rufe babi a inda mai karatu zai ce bari na ƙara ɗaya, ba sai kullum da suma ko salati ba, wani lokacin sallamar wanda ba a zata ba a ƙofar gida ta isa. Waiwaye kuma a yi shi da awo, in kowane babi sai an koma baya labarin ba zai taɓa gaba ba.

8. Tsohon ƙarshen zai iya kasa ɗaukar kayan

Ƙarshen da ya girgiza mutum bayan feji biyar ba lallai ya ishe shi bayan feji 200 ba, don yanzu ya san mutanen, yana bin ki bashin kowannensu. Nawa ya tsaya ne a inda ta ga wurin keken babu keke. A nobel sai da na ƙara babi huɗu, don dole a ga me ta yi da abin da ta sani, dole Goggo ta ji. Ki jero duk ƙullin da kika ɗaura ki tabbata kin warware manyan, amma kar ki tara kowa a falo a babin ƙarshe ana neman gafara ana raba aure da kujerar Makka.

9. Gyara hawa uku, kar ki haɗa su

Ki sake ajiye shi wata guda. Sannan ki fitar da shi a takarda, kalma 50,000 za ta ci feji wajen 130 zuwa 150 na A4 in an ba layukan tazara, ki tambayi nawa suke buga feji ɗaya ki ninka, ki nemi ragi tunda da yawa ne, kuma wajen masu shaguna kusa da makarantu irin Poli, wato Kaduna Polytechnic, ya fi sauƙi. Kar ki bar fayil ɗin a kwamfutar shago, ki tsaya a goge a gabanki.

Hawa na farko gini kawai za ki duba, ki karanta cikin kwana biyu ko uku, ina na gaji, wane babi ne bai da aiki, wa ya ɓace tun babi na shida ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba, cikin da aka samu da azumi ya aka yi aka haihu kafin babbar sallah. A nan za ki yanke, kuma ki sa a ranki kalma dubu uku ko biyar za su tafi, kar ki ji ciwo, ki buɗe wani fayil ki adana su. Hawa na biyu fage-fage, musamman hira, ki karanta da ƙarfi da bakinki, in Baba ɗan shekara sittin yana magana irin ta 'yarsa kunnenki zai faɗa miki, in matar gida ta kira surukarta da sunan yanka ba dalili za ki ji ya yi karo. Hawa na uku ne ƙa'idar rubutu, raba kalma da haɗe ta, "na zo" ba "nazo" ba, "shi ne" ba "shine" ba, ƙugiyoyin ƙ da ɗ da ɓ don kar ƙafa ta koma kafa, alamar zance, aya da waƙafi. Kuskuren da ake yi shi ne a fara da na ukun, ki ɓata sati kina gyara waƙafi a babin da gobe za ki cire gaba ɗaya.

10. Idon wasu

Mutum uku sun isa. Ɗaya makaranciyar nobel ta gaske wadda za ta ce miki nan na yi barci, ɗaya wanda ya san duniyar labarin, ni dattijon nan jikarsa ta karanta masa babi bakwai ɗin ya gyara min abu uku, ɗaya kuma masanin Hausa, malamin makaranta ko wani daga cikin marubuta, reshen ƙungiyar marubutan Najeriya, wato ANA, na Kaduna wuri ne da za ki samu irinsu. Kar ki tambaye su ya yi daɗi, za su ce ya yi don suna jin nauyinki. Ki ce a ina kika ajiye kika tashi, wa kika tsana, me ba ki yarda da shi ba. In mutum ɗaya ya yi ƙorafi ra'ayinsa ne, in biyu suka nuna wuri ɗaya akwai matsala a wurin. Ki ba wanda kika amince da shi kaɗai, kuma takarda ta fi fayil tsaro, littafi ya sha yawo a gurup-gurup kafin mai shi ta sake shi.

In za ki biya edita ku yi magana a rubuce tun farko, nawa ne, gini zai duba ko ƙa'idar rubutu kawai, yaushe zai gama, rabi yanzu rabi in ya kawo. Ki fara ba shi babi ɗaya gwaji.

11. Kuɗin fitarwa

In a intanet za ki sake shi, irin manhajar littattafai ta ArewaBooks ko gurup na kuɗi, abin da za ki kashe bango ne da data da edita. Ki karanta sharuɗɗan manhajar kan kason da suke cira da kuma ko kina da damar buga shi a takarda daga baya.

In takarda ce, kalma 50,000 tana ba da wajen feji 200 a girman A5. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Laburaren Ƙasa ake karɓa, suna da reshe a nan Kaduna, kuma doka ta ce in littafin ya fito ki kai musu kwafi uku. Wajen maɗaba'a kuɗin ya danganta da yawan feji, nau'in takarda, bango da adadin kwafi, kuma farashin takarda ba ya zama wuri ɗaya shi ya sa ba zan rubuta adadi ba, ki zaga wuri uku a sati ɗaya kowa ya rubuta miki nasa a kan bayani iri ɗaya sannan ki kwatanta. Yawan kwafi yana sauke kuɗin kowane ɗaya, amma kar wannan ya ja ki ki buga 1,000 su zauna ƙarƙashin gado suna shan ƙura, ki fara da abin da kika san za ki iya sayarwa, in ya ƙare a ƙara. Kar ki biya duka a gaba. Kuma ki dage sai sun fitar miki da kwafi ɗaya na gwaji kin karanta shi tun daga bango har bango kafin su kunna inji, ki duba ƙugiyoyin nan musamman, don sau da yawa in aka canza salon harafi a kwamfutarsu sai ƙ da ɗ da ɓ su koma ɗan akwati ko alamar tambaya, in kin ga haka ki ce su koma harafin da ke ɗaukar Hausa su sake fitar da wani gwajin, sai kin sa hannu a kansa sannan a buga sauran.